Sambo Ya Karɓi Makulli

Njidda ɗan kawuna ne, ni kuwa 'yar goggonsa, don haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ɗina ne, taubashi ba ya kai ƙara. Sunana Zulfa. Tare muka yi wayo a gidansu na Turaki, nan Jalingo, kafin aure ya kai ni Yelwa. A waje Njidda ake kiransa, a cikin gida kuwa Sambo, yadda Fulani ke kiran ɗa na biyu. Yayansa Abdulmuttalib shi ne na fari, kowa Hamma yake ce masa, har maƙwabtan da suka girme shi. Mutum ɗaya ce ba ta ce masa Hamma, ba ta ce masa Abdulmuttalib, wato Dada, uwar da ta haife shi. Bafulatana ba ta kama sunan ɗan fari. In tana nemansa sai ta dubi bango ta ce a gaya wa yayanku.

Tun yana ƙarami Njidda ba ya yarda da abu guda ɗaya. In an ce ya ɗaure maraƙi, igiya biyu yake sa masa. Har yau biro biyu ne a aljihunsa. Ranar ɗaurin aurensa da Hamna ya zo da hula ta biyu a cikin leda, na tambaye shi ko ya taho da kai na biyu, ya ce min iska ba ta sallama. Mun daɗe muna yi masa dariya kafin in gane inda abin ya samo asali. Lokacin da Kawu ya rasu, farat ɗaya ya tafi, ba wanda ya san inda yake ajiye makullin sito. Baƙi sun cika gida, tabarmi da hatsi da manyan tukwane duk suna ciki. Njidda na tsaye aka kawo gatari aka fasa ƙofar da ubansa ya sa aka sassaƙa, kuma bai taɓa mantawa ba.

Daga ranar Hamma ya ɗauki gida, gemu bai gama fito masa ba. Ya sa sabuwar ƙofa, ya rataya makullan a ƙugu, bai sake sauke su ba. Shi ya san makiyayin da shanun gidan suke hannunsa, shi ya san wacce saniya ce ta marayun ƙanwarsu. Da ciwon suga ya kama Dada, shi ya kulle maganinta a sito yana ba ta da hannunsa, domin in an bar mata, rabawa take yi wa duk maƙwabciyar da ta yi kukan ciwon kai. Gaskiya Hamma ya riƙe gida riƙon da ba a samun irinsa. Sai dai mutum ɗaya ne, kuma jininsa na hawa. An taɓa ɗauko shi daga kara a bayan keke, ya faɗi yana tsakiyar cinikin bijimi.

Tun daga faɗuwar nan Njidda ke son ya ce masa kalma ɗaya: Hamma, a yanka makulli na biyu, ka nuna min inda komai yake. Ya kasa. A wurinmu ƙani ya faɗa wa yaya haka, daidai yake da ya zo da tef ya auna masa likkafani. Sai ya shirya, ya je zaure ya zauna a gefen tabarma, ya tambayi lafiyar shanu, ya tambayi damina, ya tambayi kuɗin dusa, sannan ya yi sallama ya tashi. Na ce masa ni zan faɗa a madadinsa, ya roƙe ni don Allah in bari. Abin na cin sa, ni kuwa yana ba ni haushi.

Abin da ya kasa yi a gida, shi ya zama sana'arsa. Ya yi karatun kwamfuta a Yola, ya dawo ya kama aiki a wani sitidiyo a Barade, na wata mata da ake kira Madam Rachael, inda ake haɗa fim ɗin biki da taron coci da walimar sauka. Da can kowane mai haɗa fim da nasa ma'ajin aiki a kwamfuta, ana yawo da aiki a fulash daga tebur zuwa tebur, har ranar da ma'ajin wani ya mutu da bikin 'yar wani babban mutum a cikinsa. Madam ta yi mako tana shiga ofis ta ƙofar baya. Njidda ya ce mata magani ɗaya ne, a yi rumbu guda wanda kowa zai ɗiba ya zuba a lokaci ɗaya, amma a sa masa masu gadi.

Ya bayyana min yadda abin yake sau da yawa, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Na'urori uku ne ke gadin rumbun. Ta farko ita ke riƙe da makulli: ta san inda kowane fim yake, ta san wanda ke aiki a kansa yanzu, don kada mutum biyu su rubuta a wuri ɗaya su ɓata. Ta biyu tana zaune a gefenta, duk abin da ta farko ta sani ana kwafa mata, kuma kunnenta na kan wata 'yar alama da ta farko ke aikowa ba fasawa, wadda masu sana'ar ke kira bugun zuciya. In bugun ya tsaya, ta biyu za ta karɓa. Amma ba ta zabura haka kawai, domin wataƙila ta farkon lafiyarta ƙalau, wayar da ke tsakaninsu ce ta tsinke. In kowacce ta ɗauka ita ce mai gida, an yi sarki biyu a gari ɗaya, rumbu ya lalace. Shi ya sa ake da ta uku, wata tsohuwar kwamfuta da ba ta ɗaukar kayan komai, aikinta kawai ta ce ni ma ban ji shi ba. Wadda ta goya wa baya ita ke da rinjaye.

Masu irin wannan aiki lamba suke sa wa na'urorinsu. Njidda kuwa ya sa wa ta farko Hamma, ta biyu Sambo. Ta ukun, tsohuwar da ba ta aiki sai raba gardama, ya sa mata Goggo. Uwata ke nan, Goggo Kadijatu, ƙanwar ubansa. Da ya gaya min na yi dariya har da riƙe ciki, domin ban taɓa jin an kwatanta ta daidai haka ba.

Na'urorin suna turo saƙon waya in wani abu ya faru. Da Turanci yake zuwa, dogo, cike da lambobi. Victor, wani Bamumuye da ke shugabantar masu haɗa fim, ya yi ƙorafi cewa kafin ya gama karantawa gobara ta cinye gida. Sai Njidda ya sake rubuta shi da Hausa, gajere, yadda kowa zai gane. Kuma da yake shi ne Njidda, ya ce waya ɗaya ba abin dogaro ba ce, tana iya faɗawa ruwa. Ya ƙara lambar Hamna matarsa a matsayin ko-ta-kwana. Abin da ya gaya mata kawai shi ne, in ta ga saƙo daga ofis ta neme shi. Bai ce mata ga abin da saƙon zai ce ba.

Tsari komai kyansa sai an gwada. Wata Talata da hantsi, ranar da aiki ke da sauƙi, ya tara su Victor a ɗan ɗakin sanyin da na'urorin suke. Ya kashe wayarsa da gangan, don ya ga ko saƙon zai isa ta biyun. Sannan ya yi bismillah ya zare wa Hamma waya daga bango.

Hamna na tsakar gida tana tsince shinkafa saƙo ya shigo daga lambar da ba ta sani ba: "Zuciyar Hamma ta daina bugawa. Goggo ta shaida. Sambo ya karɓi makulli."

Ta kira mijinta, a kashe. Ta kira Hamma, aka ce ba a samun sa. Ashe tun bayan asuba ya hau mashin ya tafi ruga duba shanu, can bayan duwatsu inda netwok ba ya kai wa. Ta tura saƙon zauren dangi na waya tana tambayar ko wani ya san ma'anarsa, sannan ta kira ni tana kuka. Na bar ɗinki a kan keke na nufi Turaki. Kai tsaye na shiga wurin uwata, tunda an ce ita ta shaida. Na tarar mata sun riga ni, sun kewaye ta.

Da farko Goggo faɗa ta kama, wai yaushe ta shaida, ita da ko ƙofar gida ba ta wuce ba. Sai ta tsaya. Ta tuna da safe Hamma ya tsaya ya gaishe ta a kan mashin, ta ga idonsa ja, har ta ce a ranta yaron nan ba shi da lafiya. Tana faɗin haka ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Matan da ke bakin ƙofa ba su ji farkon maganar ba, kukan suka ji. Kafin in fito, labari ya kai masallaci cewa Goggo ta tabbatar, a gabanta aka yi.

Ni aka tura in kasance kusa da Dada lokacin da za a gaya mata. Tana zaune a kan tabarma tana gyaran ƙwarya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba, irin tarbiyyarsu ke nan. Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta daɗe tana kallon ƙofar sito. Sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, sau ɗaya, "Abdulmuttalib." Tunda nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba. A nan ne na yarda da mutuwar, na yi kukan da ban yi a ɗakin Goggo ba.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Aka ce a fito da tabarmi, suna sito. Aka ce a ɗora tukunya, tana sito. Lokacin maganin Dada ya yi ya wuce, yana sito. Aka ce a aika wa makiyayi, ba wanda ya san sunansa balle rugarsa, har matar Hamma. Wani ya fara neman gatari. Sai wani dattijo ya ce a dakata, ai saƙon ya ce Sambo ya karɓi makulli. Nan fa aka fara kallon juna. Na ji wata na cewa kai, yaran zamani, gawa ba ta yi sanyi ba har ya zare makulli daga ƙugunta, ya kuma kashe waya. Raina ya ɓaci, ban san ko da ita ko da shi ba. Na tare keke na ce Barade.

Na same su a ɗakin sanyi suna shan kunun aya. Njidda na washe baki irin wanda ban gani ba ko ranar aurensa. Na tsaya a bakin ƙofa da jajayen idanu na tambaye shi ina gawar Hamma. Ya dube ni kamar na yi masa Jukunanci. Victor ne ya amsa, yana goge baki.

"Anti, kar ka damu. Oga ne ya kashe Hamma da hannunshi, muna nan muna kallo. Goggo ma ya yarda. Anjima in ya gama kunu zai tashe shi."

Na dafa bango. Njidda ya bi hannun Victor da kallo zuwa baƙin akwatin da aka manna wa takarda an rubuta Hamma, ya dawo ya dubi fuskata, ya laluba aljihu ya ciro wayarsa da ke kashe. Na ga murmushin yana zubewa kaɗan-kaɗan. Da ya kunna ta, ta yi ta kuka kamar ba za ta daina ba. A cikin keke na wanke shi tas, tun daga igiyar maraƙi har zuwa hular aure. Sai da muka kusa gida ya ce, a hankali, amma dai gwajin ya yi kyau.

Bayani a ƙofar gida ya gagara. Njidda ya ce Hamman da ya mutu ba Hamma ba ne, na ofis ne. Liman ya tambaya ko wani Hamman suke da shi a ofis, ɗan waye, an sanar da iyayensa? Ya ce na'ura ce. Aka ce to Goggon fa? Ya ce ita ma na'ura ce, tsohuwa, ba ta aikin komai. Goggo na bayan labulen zaure ta ji wannan. Ana cikin haka aka ji ƙarar mashin.

Hamma ne, da jarkar kindirmo ɗaure a baya, ƙafafunsa duk taɓo. Waɗanda ke bakin hanya suka dare, wani yaro ya bar takalmi. Shi kuwa ya ga tabarmin aro a ƙofar gidansa, ya ga liman, ya ga mata na leƙe, abu ɗaya ne ya zo masa. Ya sauka a hankali, ya zauna a bakin tabarma ya ce, Dada ce? Wani tsohon maƙwabci da idonsa ya yi rauni ya miƙa masa hannu yana ba shi haƙuri, ya ce ba Dada ba ce, Abdulmuttalib ne, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki sai dai riƙon makulli.

Ba zan iya kwatanta abin da ya biyo baya ba. Wasu na kabbara, wasu na dariya har da hawaye, matarsa ta suma a karo na biyu. Hamma ya ratsa mutane ya shiga cikin gida, muka bi shi. Dada na nan inda na bar ta. Ta ɗago ta dube shi tun daga hula har taɓon ƙafarsa. Sai ta kawar da kai ta dubi Njidda.

"Sambo, gaya wa yayanka ban sha magani ba."

Hamma ya kasa sa makulli a kwaɗo, sai da ya gwada ya sake gwadawa.

Da jama'a suka watse aka karanta masa saƙon. Ya sa aka maimaita masa ƙarshen. Fuskarsa ta canza, ya ce ashe abin da ake jira ke nan. Njidda ya sunkuyar da kai, na san ba zai buɗe baki ba, zai bar maganar ta zama tabo har abada. Na buɗe nawa, Goggo ta daka min tsawa. Ta ce tunda an mai da ita na'urar raba gardama, to za ta yi aikinta. Ta ce wa Hamma yau ta ga mutuwarsa kyauta, kuma ba ta yi kyau ba: uwarsa ba magani, baƙi ba tabarma, ana neman gatari kamar ranar ubansa. Ta ce wa Njidda shi kuma wawa ne, maganar da ya kamata ya faɗa wa ɗan'uwansa ya je ya faɗa wa akwati. Ta tashi ta karkaɗe zani, ta ce a kai mata kindirmonta gida.

Bayan la'asar Hamma ya aika aka kira Njidda zaure. Ni na kai musu shayi, kuma na ga ba dalilin da zai sa in yi saurin fita. Sun daɗe suna maganar shanu. Can Hamma ya tambaya, yana kallon titi, ita na'urar da aka sa wa Sambo, kafin a mutu me take yi. Njidda ya ce ba komai, zama take a gefe, ana nuna mata inda komai yake, tana sauraro. Hamma ya ce to in Hamman ya tashi fa? Njidda ya ce ana mayar masa da makullinsa, Sambo ya koma gefe, ba don ya gaje shi aka ajiye shi ba, don kada a fasa ƙofa ne.

Hamma ya kwance zoben makullan daga ƙugu, ya daɗe yana juya shi, ya cire na sito. Bai miƙa wa ƙaninsa ba, kunya ba ta bari. Ni ya miƙa wa, ya ce in kai wa Goggo ta sa a yanka wani, ta san wanda za ta ba. Ya ce makiyayin sunansa Manga, ranar Asabar kuma mashin na da wurin mutum biyu.

Na juya zan fita ya ce in tsaya. Ya ce matarsa ta gaya masa wai Dada ta kira sunansa. Na ce haka ne, da kunnena na ji. Ya tambaya yaya ta faɗa. Na gwada, bai fito daidai ba, muryar ba tawa ba ce. Ya gyaɗa kai, idonsa ya cika, ya ɗauki kofin shayi ya riƙe bai sha ba.

"Tunda aka haife ni nake jira," in ji shi, "ranar da ta faɗa kuma na mutu." Ya juya ga Njidda. "Sambo, wannan saƙon naka, ba ya sake zuwa?"

Njidda ya ce ya riga ya canza kalmomin. Yanzu cewa yake na'ura ta ɗaya ta tsaya, ta biyu ta karɓa, kowa lafiya. Hamma ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ya kurɓi shayinsa da ya huce. Daga cikin gida muka ji Dada na cewa a gaya wa yayanku magariba ta kusa.